Ƙofa Biyu

A Dundee, bayan tsohon ma'ajin kayan jirgi,
akwai fili mai shinge, ƙofarsa biyu ce.
Morag ce ta koya mini:
rufe ta baya kafin ka taɓa ta gaba,
a tsakaninsu ake kwance igiya.
Kare a ɗaure cikin sakakku tsoro yake ji,
mai tsoro kuwa da haƙori yake magana.

Bana shekara biyu ke nan babu Morag.
Ta bar mini Tavish, da katin allurarsa,
da baƙaƙen ledoji a kowane aljihun kwat ɗina,
don ta san halin mijinta.
"Abin da karenka ya ajiye naka ne," in ji ta,
"sunkuya ka kwashe, bayanka ba zai karye ba."

Yau iskar kogin Tay tana yankan kunne.
Na tsaya tsakanin ƙofofin, na leƙa tukuna.
Ga farin nan na Fergus, sarkin kokawa,
ga 'yar guntuwar Misis Rennie can ɓangaren ƙanana,
ga kuma wani baƙo, ƙato, ruwan toka,
ban san shi ba, ban san mai shi ba.

Na san karatun, ai ba yau na fara ba.
Ba kowace kaɗa wutsiya ce gaisuwa ba.
In ta miƙe ta sandare,
in gashin ƙeya ya tashi, farin ido ya leƙo ta gefe,
kira naka tun kafin a kai ga gurnani.
In ƙirji ya sauka ƙasa, ƙugu na sama,
wasa ne, ƙyale su.
Ba a shiga da tsiren nama a aljihu,
ba a sakin yaro ya ruga a tsakaninsu,
ba a shafa na wani sai an tambaya.

Duk na sani.
Amma ga benci nan da ta hana ni zama a kai,
wai nan wurin tsayuwa ne da buɗe ido.
Na zauna. Na ciro waya.
Hotonta ɗaya kawai zan duba,
wanda iska ta kwashe mata hula tana dariya.

Minti nawa? Ban sani ba.
Sai ƙara.
Tavish da ruwan toka a kan ƙwallo ɗaya,
ƙafa da ƙafa, baki da wuya, taɓo na tashi.
Hannuna ya tafi da kansa,
muryarta ta riƙe shi:
"Kada ka sa hannu tsakanin baki biyu!"
Fergus ya tafa da ƙarfi.
Wata yarinya mai rigar asibiti a ƙarƙashin kwat
ta juye musu gorar ruwanta kaf.
Suka rabu, suna atishawa,
kowa na kallon gefe kamar ba shi ba.

Ni da na shekara talatin ina tuƙa bas
ban taɓa gogar ko keke ba,
ga ni a durƙushe ina laluben kunnen kare.
'Yar tsaga ce, jini bai kai cokali ba.
Nata lafiya lau.
Na ce, "Laifina ne, idona ba ya kansa."
Ta ce, "Ni na zo da ƙwallon. Sunana Eilidh."
Ta tura shi can ƙasan jaka,
ta rubuta mini lambarta a bayan tikiti,
ko da likitan dabbobi zai ce wani abu.

Ban jira ya huce ya koma ba.
Wanda ya san lokacin tafiya shi ake marmarin dawowarsa.
Na kira shi sau ɗaya, ya zo,
aikinta ne wannan, ba nawa ba.

Tsakanin ƙofofin na mayar masa da igiya.
Ya ɗago ya dube ni, kunne ɗaya a lanƙwashe.
Na rufe ta baya.
Na ja ta, na tabbatar,
sannan na buɗe ta gaba.