Wata Biyu Ba Rana

A garinmu, can ƙuryar arewacin Norwe,
rana kan yi sallama a ƙarshen Nuwamba,
ta bar mu da fitilun titi da kukan tsuntsayen teku.
Shekara goma sha ɗaya ina feɗe kifi a layi na uku,
wuƙa a dama, safar roba shuɗiya,
ba a taɓa jira na ba.

Sai bana.
Ba wanda ya rasu. Ba bashi. Lafiya lau muke da matata.
Abin da ya fi ci mini rai ke nan,
ciwon da ba ka da inda za ka nuna da yatsa.
Na dai wayi gari, in ana kiran wannan duhu wayewa,
ɗaurin igiyar takalmi ya fi ƙarfina.

Ran wata Talata hannuna ya tsaya.
Bel na tafiya, kifi na wucewa
da idanu a buɗe, kowanne na duba na,
ɗaya, biyu, bakwai,
ni kuwa tsaye kamar injin da aka zare wa waya.

Rimantas ne a gefena, mutumin Lituweniya,
wanda hirarmu ta shekara huɗu ba ta cika cokali ba.
Bai waiwayo ba.
Ya miƙa hannu ya janyo rabona cikin nasa,
wuƙarsa ta yi aikin mutum biyu har aka tashi.
Allon ƙirga bai san an yi ba.

Akwai takarda a bangon ɗakin shan kofi,
mace tana murmushi, lambar waya a ƙasanta,
tururi ya naɗe mata kunne ɗaya.
Kullum baya nake ba ta.

Gunvor, shugabar layi, mai murya kamar ƙofar firji,
ta kira ni ofis.
Tun daga matakala na tanadi ban haƙuri a baki.
Ba ta ce in daure ba.
Ba ta ce kowa da irin tasa ba.
Ta ture takardu gefe, ta zuba kofi biyu,
ta ce, "Eilif, shekarar da na haifi autana
wata biyar ina kuka a mota kafin in shigo nan.
Ba wanda ya tambaye ni.
To ni ga ni, ina tambayarka."
Sai ta yi shiru, ta bar agogo ya yi surutunsa.

Abin da na faɗa bai kai jimla biyu ba,
amma na ji kafaɗata ta sauke buhun gishiri.

Ta mai da ni wajen manna takarda a kwali, rabin yini.
Tana zaune na kira asibiti, tana ta goge tabarau
wanda ba datti a jikinsa.
Rimantas kuwa, ba wanda ya sa shi,
shida saura kwata sai in ji hon a ƙofar gida,
rediyonsa na yaren da ba na ji,
baƙin burodi a takarda, kan kujerar da zan zauna.

Ba zan ce na warke ba, likita ma ba ta ce ba.
Ƙwaya ɗaya da safe, hira duk Alhamis,
wata rana takalmin ya ɗauru, wata rana sai a hankali.

Ƙarshen Janairu aka kashe bel da tsakar rana,
muka fita bakin jirgi da takalman roba,
numfashinmu na hayaƙi.
Ta leƙo ta bayan dutse, ɗan tsinin farce,
minti huɗu, ta koma.
Gunvor na rabon burodi mai ruwan ƙwai a tsaka,
ta ba ni biyu, ta harare ni kada in yi godiya.

Na koma layi na uku.
Makon jiya sabuwar yarinyar nan, Tiril,
wuƙarta ta tsaya a iska, kifi na wucewa,
ɗaya, biyu.

Ban waiwaya ba.
Na miƙa hannu.