Ƙidayar da Ta Ƙaryata Ni

Shekarata ta biyar a Shika,
farar riga ta fara zama daram a kafaɗata,
sunan kowace jijiya na bakina kamar karatun sallah,
sai Dakta Barmani ta kira ni ofis.
Ta ture ƙaton littafin da nake taƙama da shi,
ta ce, "Wanda ya rubuta wannan
bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba.
Tafi ƙauyen can bayan Soba.
Kada ki tsira wa kowa allura.
Ki ƙirga."

Raina ya ɓaci.
Ni da na zo koyon ceton rai,
a mai da ni mai tsaron lissafi?

Rijista bakwai na tarar a ɗakin shan magani,
gara ta cinye gefen uku,
yoyon kwano ya wanke wata guda na wata damina.
Baba Jibo mai ba da kati ya karkaɗe musu kashin ɓera,
ya ce, "Shekara sha ɗaya ina rubutu,
yau aka fara tambaya."

Amai, jiri, rawar jiki, yawu na dalala.
Gaban kowane suna an sa: zazzaɓin cizon sauro.
Ni ma abin da na rubuta a raina ke nan
tun motar ba ta bar Zariya ba.

Dare huɗu ina jan layi biyar-biyar a hasken waya.
Lissafi ya ƙi.
Sauro na gari duka, ciwon na gefen fadama.
Sauro na ganiyarsa a Agusta,
ciwon yakan tashi ne bayan feshin tumatir.
Na kira ta, murya na rawa: "Abin da na zata ba shi ba ne."
Ta yi dariya har da tari.
"Madalla. Yau kika shiga makaranta."

Na bi gida-gida da takardar tambayoyi arba'in,
mata na yi mini dariya a ta sha biyu,
karnuka na raka ni bakin zaure.
A gidan Inna Kyauta rana ta take,
ta tsiyayo mini ruwa daga wata shuɗiyar jarka.
A gefenta, inda takarda ta kusa gogewa,
hoton ƙoƙon kai da ƙashi biyu a gicciye.
"Ɗana ya zo da ita daga gona.
Sau uku na wanke da toka.
Ba ki ji yadda take riƙe sanyi ba."

Moɗa na hannuna.
In sha, na san abin da na gani.
In ƙi, na ƙi ruwan tsohuwa.
Na kai baki, ban haɗiye ba,
Allah Ya yafe mini wannan ƙaryar.

Gida casa'in, jarka sittin da uku.
Na dawo ina tafiya kamar wadda ta kashe zaki.
Dakta Barmani ta zare jan biro:
"Wa ya ce miki jarkar ce?
Gidajen da ba su da ita fa, lafiyarsu lau?
Zato ba ya zama sani don kin ƙaunace shi.
Koma."
Na koma. Sau biyu.

Yanzu ina Kakuri, layi har bakin ƙofa,
mutum tamanin kafin la'asar,
ƙaramin littafi bai rabuwa da aljihuna.
In ɗalibi ya ce mini, "Ai haka aka rubuta,"
nakan ce: Mutum nawa? A wane gari? Wa ya ƙirga?

Takardar tawa ba ta je ko'ina ba,
kuɗin bugawa ya gagara,
tana cikin durowa tare da tsofaffin rasit.
Amma bara na ratsa ta ƙauyen,
na buɗe rijistar Baba Jibo ta takwas.
Ya ja sabon layi da kansa, a karkace,
a samansa ya rubuta:
A cikin me kuke zuba ruwa?