Furen Roba a Fagge

Da Maman Obinna za ta bar Kano
abu uku ta bar mini:
turmi mai tsaga, bashin ɗinkin zani biyu,
da wata bishiya a kwali,
ƙafarta ƙarfe, ganyenta roba.
Ta ce, "Hansai, mota ta cika.
Riƙe min ita, zan aiko."
Yau shekara huɗu. Shiru.

A gidanta, ƙarshen shekara ake tsayar da ita,
a rataya mata ƙwallaye da fitilu masu ƙifta ido,
yarana su leƙa ta taga, a cika musu hannu da cincin.
Ni ba bikina ba ne.
Na tura kwalin ƙarƙashin gado,
gefen mataccen kan keken ɗinki.

Sai bana, da bazara ta zauna a kan Fagge
ta ƙi gaba ta ƙi baya,
kwanon rufi na ƙara kamar ana toya shi,
randa ta yi ɗumi, fanka ta tsaya tun Talata.
Darbejiyar ƙofar gida an sare, an kafa shagon caji.
Na duba tsakar gida:
babu kore ko na rantsuwa.
Na jawo kwalin.

Kyankyasai biyu suka fito suka ba ni wuri.
Reshe-reshe na miƙe ta
kamar mai tausa majinyaciya.
Na yi mata wanka a bahon wanki,
na dasa ta a gwangwanin fenti,
na cika shi da yashin bayan gida.

A kasuwar Sabon Gari, mai furanni ya ce,
"Hajiya, biki ko suna?"
Na ce tarbar damina za ni.
Ya yi dariya har ya yi min gyara da guda biyu:
ja, ruwan ɗorawa, ruwan hoda,
da wani shuɗi da ban taɓa gani
a jikin itacen Allah ba.

Da ragowar zaren ɗinki na ɗaure su.
Zulai na miƙo min, tana jayayya:
ja ya yi yawa a hagu,
saman ya yi sanƙo.
Na hau kujera 'yar tsugunno na rufe sanƙon,
allura a baki, gumi a ido.

Malam Ilu ya leƙo karɓar wandonsa.
"Wannan ba ta Kirsimeti ba ce?"
Na ce amana ce, Malam,
kuma amana ma tana son shan iska.
Ai ko gawo, da rani yake ganye,
ba wanda ya kai shi ƙara.

Ƙudan zuma ɗaya ya zo da hantsi,
ya bi furen ɗaya bayan ɗaya,
ya tafi ba sallama.
Kunya ta kama ni,
kamar na yi baƙo tukunya ba komai.

Daren Alhamis hadari ya haɗo daga gabas.
Kowa ya fito da bokiti, ana kwashe shanya,
na manta da ita a waje.
Da safe jan ya zuba a siminti
kamar an wanke lalle,
shuɗin nan ya koma kalar toka.
Ita kuwa tana tsaye, tana ɗiga,
ba ta sha ko ɗigo ba.

Kwana biyar bayan nan Zulai ta ƙwala min kira.
A gindinta, cikin yashin gwangwani,
wani abu ya tsago, siriri kamar tsinken sakace.
Gero ne ko ciyawa, ban sani ba.

Na ɗauki hoto na tura wa Maman Obinna.
Lambar ba ta shiga.
Na ajiye wayar,
na ɗebo ruwa a murfin buta.