Guzuma a Ƙasar Sanyi

Hurera, matso da wayar, idon ya yi rauni.
Sake kunnawa.
Wannan da ke hawa tudu, baƙa wuluk, tana huci
tsakanin ciyawa shar da tumaki masu ulu,
ba sai kin karanta mini lambarta ba.
Dubi hagu, ƙasa da fitila:
wannan lotsawar
ta daren da muka ture bijimi kusa da Tsafe ce.
Sun bi ta da fenti, amma tabo tabo ne.

Guzuma ce.

Shekara goma sha tara ina ba ta a baki,
kwal ɗin Inugu, shebur bayan shebur,
daga Zariya har Ƙaura.
Barau na riƙe da linzami, ni ina duƙe gaban wuta.
In ta ƙoshi ta yi gyatsa, tartsatsi ya tashi.
In ta turje a hawa, damina ta jiƙa dogo,
mu zuba mata yashi a ƙafa muna lallashi
kamar mai roƙon tsohuwa ta sha kunu.
Gyaɗa ta ja, auduga ta ja, da fatu masu ɗoyi,
da wata Bagusuwa da ta haihu a tarago na uku
aka yi ta kiran yaron Ɗanjirgi.
A kan shebur muke soya ƙwai da asuba.
Kakarki kan san na dawo tun ban yi sallama ba,
ƙaurin hayaƙi ke riga ni shiga zaure.

Da dizal ya zo, aka ce sun yi yawa.
Rara. Abin da aka rubuta ke nan.
Su bakwai aka jera a bayan tasha,
gamba ta keto tsakanin ƙafafunsu,
ƙadangare ya gaji kujerar Barau.
Shida 'yan gwangwan suka yanka da wuta, suka auna a kilo.
Ita kuwa wasu baƙi suka zo,
suka ƙwanƙwasa haƙarƙarinta, suka kasa kunne,
suka ce da sauran rai.
Ƙugiya ta ɗaga ta, aka ce, kamar ragon da za a feɗe,
sai Ikko, sai bakin ruwa.
Ban gani ba. Ranar ina layin fansho a Katsina,
har la'asar ba a kira sunana ba.

Yau ga ta, Lahadi kaɗai take fita,
mil biyar, je ki dawo,
yara na ɗaga mata hannu,
wani mai furfura na goge tagullarta da tsumma,
kin ce ba ko sisi ake biyansa.

Haushi? Ban sani ba, 'yar nan.
Da ta zauna, da yanzu ta zama ƙusa da fartanya.
Da tsohuwar zuma ake magani,
mun faɗa, mun maimaita,
sannan muka sayar da tulun.

Kin ji motocin tsakuwa a bayan gari?
Na bar Daura da ƙuruciya don in ga jirgi,
ga dogo ya biyo ni gida ina dogara sanda.
Wanda zai hau shi ba ya cin wuta,
ba ruwansa da ɗan wuta.

Tsaya. Koma baya kaɗan.
Hayaƙin nan ya yi baƙi da yawa.
Yaron nan tula mata yake a tsakiya!
Rubuta masa: kaɗan-kaɗan,
kusurwar hagu ta baya tukuna, sannan dama,
ba ta son gaggawa, ba ta taɓa so ba.
Ki ce in ji Sallau.
In ya ce wane Sallau,
ya leƙa ƙarƙashin kujerar ɗan wuta,
akwai suna da aka karta da ƙusa.

To, ƙara sauti.
Yi shiru, za ta yi usur.