Gudun Asuba a Bakin Gulbi

Shekara tara na yi dako a tashar jirgin ruwan Kwatano.
Kullum asuba ina gudu bakin teku,
katangar siminti a hagu,
a dama igiyar ruwa na tofa mini gishiri a leɓe.

Yanzu na dawo Maraɗi
da takalmin gwanjo da gwiwa ɗaya mai ƙara.
Ana sallame salla nake gangarawa.
Gulbi ya ƙafe tun kaka,
yashi kaɗai ya bari,
da sawun shanun Nomau mai amalanke
wanda ke tambayata kowace safiya:
"Wa ya biyo ka?"

Ba kowa, Nomau.

Nakan wuce lambun Cima, albasa na tashi,
guga na kuka a bakin rijiya.
Wajen mangwaro na uku numfashi kan yanke,
zufa ta gangaro mini baki.
In lasa.
Gishirin nan dai ne, ashe na taho da shi.

Sai in zauna in kaɗe yashi daga takalmi,
in jira gwiwar ta yi shiru.