Awo

Takarda biyu likita ya miƙo mini a Ali Ɗan Sofo.
Ta farko: bututu ya zuƙe teɓa
kamar mai tsotsar ɓargo,
sai dai fatar ta zauna
kamar buhun da aka juye gyaɗarsa.

Ta biyu: wuƙa daga ƙugu zuwa ƙugu,
a ja, a sake wa cibiya mazauni.
Sati shida ba taka keke.

Shekara ashirin ina rage wa matan Maradi riga.
Inda allura ta bi, yadi ba ya mantawa.

Da dare na shafa wurin.
Nan tagwaye suka yi wata tara.
Na ninke takardun,
na cusa ƙarƙashin keken ɗinki,
dama ƙafarsa ɗaya tana rawa.