Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

Daga bakin titi zuwa ƙofar gidana
matakala ɗari da goma sha bakwai ne.
Shekara arba'in ina hawa, ban taɓa ƙirgawa ba.
Mai lafiya ba ya lissafi.

A Valparaíso gidaje rataye suke jikin tudu
kamar wankin da aka shanya,
shuɗi, ruwan ɗorawa, ja mai tsatsa,
teku na can ƙasa yana lasar ƙafar gari.
A tashar jiragen ruwa na ƙarar da ƙuruciya,
buhu a kafaɗa, gishiri a gashin baki,
har ranar da kwatangwalon hagu ya ce shi fa ya gaji.

Da fari ƙara ce, irin ta ƙyauren da ya rasa mai.
Daga baya wuƙa.
Na koma sauka sau ɗaya a mako,
sannan sau ɗaya a wata,
sannan sai dai taga.
Sunana ya yi wata goma sha huɗu a layin masu jira.

Likita Quilodrán, sa'ar 'yata,
ta ɗaga hoton ƙashina ga fitila.
"Don Evaristo, kan ya cinye,
kamar sabulun da ya kusa ƙarewa.
Za mu yanke, mu sa na ƙarfe."
Na ce, duk ƙarfen da na sauke daga jirgi,
ashe da rabona a ciki.
Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo biro.

Ɗakin tiyata ya fi rumbun kifi sanyi.
Allura ɗaya a gadon baya,
rabina na ƙasa ya tafi ba sallama.
Idona biyu, bayan koren labule
ina jin zarto, ina jin guduma,
na ce a raina, wani jirgi ake gyarawa.
Sai can na tuna ni ne jirgin.

Washegari, ɗinki bai ko huce ba,
wani yaro Bastián ya zo da keken dogarawa:
"Tashi."
Na zage shi, na haɗa da kakansa.
Ya jira na gama. "To, tashi."
Taku huɗu. Gumi har cikin kunne.

Maza huɗu suka hau da ni gida bisa kujera,
maƙwabta na leƙe.
Ba ciwon ne ya sa ni hawaye ba.
Ranar da Rayén ta durƙusa ta sa min safa ne,
ita da na koya wa ɗaurin takalmi.

Sai muka shiga lissafi.
Talata, uku.
Asabar, tara.
Ƙafar ciwo ke fara sauka, mai lafiya ke fara hawa,
sanda a tsakani kamar mai raba faɗa.
Sati guda aka kwana ruwa, na koma sifili,
na juya fuska ga bango, na ƙi shan ƙwaya,
har Doña Clorinda ta turo miya da saƙo:
in ba zan sauko ba, in aiko da kuɗin burodinta.

A ta sittin da uku akwai tsaga,
ciyawa ta tsiro a ciki,
wata mage mai ido ɗaya na barci a gefe.
Shekara arba'in ina tsallake su.

Jiya na kai ƙasa.
Ba wanda ya tafa. Motar haya ta wuce,
mai kifi ya ce, "Kwana biyu," kamar jiya muka rabu,
ya kuma cuce ni a awo.

Na tsaya da ƙunshina, na ɗaga kai.
Ɗari da goma sha bakwai.
Ƙarfen jikina ya yi wani sanyi can ciki,
yana ce min gobe da ruwa.
Na gyara riƙon sanda.
Ɗaya.